Kiran da Ya Shigo Cikin Kifi

Daren jiya, daren Laraba, ruwa ya sauko tun bayan magariba bai ɗauke ba, wuta kuma an ɗauke ta tun kafin hadarin ya haɗu. A cikin wannan daren ne na yi wani mafarki.

Amma bari in fara da abin da na ji da rana. Ina zaune a rumfar da nake tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya, a bakin kasuwar Yelwa, ciniki ya tsaya, sai wani mai shiri a rediyo ya ce kamfanin Samsung ba da waya ya fara ba. Ya ce a shekarar 1938, a wani gari na ƙasar Koriya, ɗan shago ne da ke sayar da busasshen kifi da kayan miya da taliya. Daga baya suka shiga harkar sukari, suka shiga ta tufafi, sai da aka yi shekara talatin da ɗoriya kafin su taɓa kayan lantarki. Sunan ma, in ji shi, taurari uku yake nufi a yarensu. Ya ƙara da cewa Nokia da takarda suka fara, sun kuma yi takalman roba, Sony kuwa tukunyar dafa shinkafa na cikin abin da suka fara gwada ƙerawa.

Na yi dariya, na juya in gaya wa wani. Babu kowa a kan bencin.

Da Yaya Nafi'u na nan, shi zan gaya wa, ya ce ashe 'yan uwanmu ne, 'yan kifi. Shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu muka rage a gidan. Damina biyu ke nan da ya tafi haƙar zinare can gaba da Agadas. Ranar da zai tafi ya ba ni wayarsa, Samsung mai tsagaggen gilashi, ya ce, "Auta, kada ka canza layi, kada ka bar ta ta mutu. Lambar nan kaɗai na haddace." Da farko yana kira, yau da wayar wannan, gobe da ta wancan. Daga baya kiran ya ɗauke. Tun daga lokacin na canza sana'a, na canza ɗaki, na canza abokan zama, amma wayar nan ban taɓa barin ta ta mutu ba. Ko masallaci zan shiga ba na kashe ta, sai dai in rufe mata baki.

Jiya da ita na kwanta, a kan ƙirjina, ina jin ruwa na dukan kwano.

Sai na gan ni a tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Babu rana a sama. Taurari uku ne ke yin aikinta, suna karɓa-karɓa, in ɗaya ta gaji ta koma gefe ta zauna. Ruwan sama na nan amma ba ya zuba. Yana tsaye cik a iska, ɗigo-ɗigo, mutane na ture shi da hannu kamar labule suna wucewa. Wata mata na tsinkar manya-manyan tana jefawa a bokiti.

Sanƙira ya zo yana yekuwa, amma da raɗa yake yi. Yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana sa musu baki a kunne. Da ya zo kaina ya ce, "An ce a gaya maka, kowane abu ya koma sana'arsa ta fari."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Ni ma raɗa mini aka yi."

Na sa hannu a aljihu. Babu waya. Busasshiyar tarwaɗa ce, an naɗe ta bakinta na cizon wutsiyarta yadda ake yi wa kifin banda. Na gane ta nan take. Tsagar gilashin nan na gefen cikinta, daga sama zuwa ƙasa, har da ɗan reshen da ya ƙaru ranar da na faɗi a kan babur.

Ban yi mamaki ba. Ba wanda ke mamaki a wurin. Alhaji Ɗanjimma dillalin albasa, wanda bai taɓa yarda da wata waya ba sai Nokia, yana tsaye ya kara takalmin roba a kunne yana cewa, "Ɗaga murya, akwai taɓo a layin." Wayoyin kamfanonin da aka haifa shekaranjiya ba su da wata sana'ar da za su koma, sai suka koma jarirai. Masu su na goye da su suna jijjigawa.

Ni abu ɗaya ne ya dame ni. Ban san inda ake duba batir a jikin kifi ba. Na juya ta, na juya ta, sai na lura da idonta. Akwai ɗan haske a ciki, kuma ya fara dusashewa.

Na shiga gidan kallo in tambayi inda ake caji. Benci ya cika, har da na tsaye. A gaba, inda talabijin yake a da, an ɗora tukunyar shinkafa a kan tebur tana tafasa. Kowa ya zuba mata ido. Murfin ya ɗaga kaɗan ya koma, sai rabin mutanen suka dafe kai.

Wani a kusa da ni ya ce, "Wallahi saura ƙiris."

Na gabansa ya juyo ya ce, "Ku dai kullum saura ƙiris. Tun bara ba ku nuna ba."

Na taɓa kafaɗar na farkon na ce, "Malam, don Allah ina ake cajin kifi?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Bi hayaƙi."

Na bi hayaƙi. Ya kai ni bayan kasuwa, wurin masu banda. Wata tsohuwa ce ke riƙe da wurin, ana ce mata Inna Tabawa. Ban taɓa ganin ta ba, amma ta san sunan mahaifiyata. Ta jera kifaye a kan ragar ƙarfe a saman murhu, kowane an ɗaura masa ƙyalle don kada a rikita. Masu su na zaune a gefe suna jira. Wasu an ba su nasu, suna ci suna gyaɗa kai, wani na ci yana dariya, wata yarinya na ci hawaye na zubo mata.

Ta karɓi tawa ta jijjiga ta a tafin hannu. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba a taɓa gutsurarta ba."

Na ce, "Ba ta ci ba ce, Inna. Kira nake jira."

Ta ce, "To su waɗannan da ka gani me suke yi? Kira suke amsawa. In kira ya shigo, kifin zai yi motsi. Sai ka ci. Muddin kana tauna, kana jin mai magana. Ka daina tauna, ka daina jin sa."

Ta ɗora ta a kan hayaƙi. Na ga hasken idon ya fara dawowa, sai hankalina ya ɗan kwanta. Sannan wani tunani ya zo mini.

Na ce, "Inna, in bakina na cike, ta yaya zan yi masa magana?"

Ta ce, "Ai shi ya sa ba a faɗa a garin nan."

"Ni dole ya ji muryata. In bai ji ba zai ce na yar da layin."

Ta hura wuta, ta share ido da gefen zane. Ta ce, "To wannan ba aikin hayaƙi ba ne. Tafi ofis, ƙetaren kogi. Ka roƙe su su mayar maka da ita waya. Kada ka ba kowa ya riƙe maka a can."

Na ce, "Ina zan sami jirgi?"

Ta ce, "Kogin ba ya nan. Ya tafi gaisuwar mutuwa."

Haka kuwa. Na sauka na taka a ƙasan kogi. Jiragen ruwa na rataye a sama daidai inda ruwan ya bar su, matuƙansu na zaune a ciki suna jiran ya dawo. Kifaye masu rai sun yi layi a gefe ɗaya suna tafiya a hankali, ba sa kallon abin da ke hannuna, ni ma na ɓoye shi a bayana saboda kunya. Taɓo ya riƙe mini takalmin hagu. Na ja, ya ja. Na ga tsayawa za ta ci mini lokaci, na bar masa.

Tafiyar ta yi nisa. Babu wanda muke tafiya tare. Na yi ta magana da kaina ina shirya abin da zan ce wa Yaya Nafi'u in ya kira. Zan fara da tambayar inda yake. A'a, zan fara da cewa ni ne. Sannan in ce masa an rushe rumfar mai shayin da muke zama. Sannan labarin kifin Samsung. Na yi ta jera su ina sake jerawa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne dogo, maguna ke aiki a ciki. Mutane na shiga ta wata ƙofa suna fita ta wata. Na ga direban tirela ya shiga ya fito yana kora jaki. Na ga wani babban mutum mai babbar riga ya shiga ya fito da faranti a ka yana tallan gyaɗa, kuma fuskarsa a sake, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Da layi ya zo kaina, na tarar da wata babbar mage mai tabarau a kan tebur. Babu takarda a gabanta, babu biro. Shinshina mutum take yi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, waya nake so a mayar mini."

Ta kalli kifin. Ta daɗe tana kallon sa. Ta ce, "Mu baya muke mayar da abu, ba gaba ba. In gaba kake so, sai ka jira ya bi hanyarsa. Zai zama sukari. Zai zama tufafi. Zai zama talabijin marar kala. Daga nan ya zama waya."

"Zai ɗauki wane lokaci?"

"Shekara hamsin. Akwai benci a waje."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kiran zai iya shigowa yau."

Ta ce, "Zai iya." Ta matso ta shinshina wuyan rigata. "Kai kanka ba a mayar da kai ba. Mece ce sana'arka?"

"Ina tura fim a waya."

"Kafin nan?"

"Acaɓa."

"Kafin nan?"

"Kwandasta. Kafin nan wankin mota. Na ɗan koyi walda, idona bai ɗauka ba."

"Kafin nan?"

"Makaranta. Ban gama ba."

Ta ce, "Wannan na ji ƙanshinsa, kaɗan ne. Kafin nan?"

Na yi tunani. Na ce, "Ba komai. Yaro ne ni. Ina dai bin Yaya Nafi'u bakin kogi, yana jefa ƙugiya, ni ina riƙe masa ƙwarya."

Ta koma ta zauna, ta naɗe wutsiya. Ta ce, "To sana'arka ta fari ke nan. Ƙane ne kai."

Na ce, "To a mayar da ni."

"Ba a yin ta mutum ɗaya. Ina wan?"

"Shi nake jira."

Ta ce, "To ba abin da za mu iya yi maka. Kai kaɗai za ka zauna yadda kake a garin nan." Ta sake kallon hannuna. Murya ta yi mata laushi. "Amma muna karɓar ajiya. Kawo in riƙe maka, ka huta."

Na ga ɓurɓushin ƙaya a gashin bakinta. Na ce na gode, na fita ta ƙofar da na shigo, don ɗayar ba ta buɗe mini ba.

A waje babu bencin da ta ce. Wani tsohon jirgi ne a kife a kan yashi, na zauna a kansa. Tauraro ɗaya ne ke aiki a lokacin, sauran biyun na hutawa, don haka hasken kamar na la'asar sakaliya. Ruwan sama na tsaye kewaye da ni. Babu mutum, babu tsuntsu.

Sai kifin ya yi motsi a hannuna.

Ya saki wutsiyarsa daga bakinsa, ya miƙe, ya yi karkarwa, ya tsaya, ya sake yi. Na san wannan karkarwar. Na kara shi a kunne, shiru. Na ce salamu alaikum a bakinsa, shiru. Ya ci gaba da karkarwa, kuma na san kira ba ya daɗewa yana jira.

Na gutsuri wutsiyar.

Da na fara tauna sai na ji iska, irin mai yashi, da ƙarar janareto can nesa. Sannan murya, a cikin haƙorana, ta hau har cikin kaina.

"Salamu alaikum. Auta? Auta, kai ne?"

Na haɗiye da sauri na ce, "Yaya, ni ne. Ni ne, Yaya."

Babu iska, babu janareto. Muryata ce kawai ta tafi cikin ruwan da ke tsaye ta maƙale.

Na sake gutsura.

"... ba na jin komai. Mai waya, anya ta shiga?"

Wata murya ta ce, "Ta shiga. Yi magana, akwai mutane a bayanka."

Na gwada magana da abinci a baki. Abin da ya fito ba magana ba ne.

Yaya Nafi'u ya ce, "Kamar wani ne ke cin abinci."

Mai wayar ya ce, "To ai gida ka samu."

Na ji dariyarsa, gajeriya, ta hanci, yadda yake yi. Na rage taunar don kifin ya daɗe, sai muryar ta yi ƙasa kamar rediyon da batir ya ƙare wa. Dole na ƙara sauri.

Ya ce, "To, in kai ne, Auta, ina nan. Lafiya lau, ba wani abu. Mun canza rami ne, nan babu sabis sai an hau dutse. Ana ruwa a can? Nan ko hadari ba ma gani. Jiya na yi mafarkin kogi ya kawo har bakin masallaci." Sannan ya ce, "Ka koma makarantar? Na san ba ka koma ba."

Na gyaɗa kai. Na girgiza kai. Na ɗaga hannu sama kamar yana gani na. Na kai tsakiyar kifin, daidai wurin tsagar, ƙaya ta soke ni a dasashi, na tauna ta tare da naman. Na yi tunanin in haɗiye in yi ihu da dukan ƙarfina ko zai tsallaka. Na gwada. Na kira sunansa har maƙogwarona ya yi zafi. Shiru. Da na koma tauna, na tarar ya yi gaba da magana, abin da ya faɗa a tsakani ya wuce ni.

"... shi ne na ce bari in gwada. Auta, ko tari ne ka yi in ji."

Na yi tari. Naman ya faɗo a kan yashi, layin ya ɗauke. Na tsince shi da yashin na mayar baki.

Mai wayar na cewa, "Malam, lokaci."

Yaya Nafi'u ya ce, "Ina zuwa." Sannan ya yi magana a hankali, ba da ni ba, ba kuma da mai wayar ba. "Wataƙila ya sayar da ita. Ko an ba wani layin. Ba laifinsa ba ne, an daɗe."

Saura kai da ɗan abin da ke wuya. Ina tauna ina kallon sa yana ƙarewa a hannuna.

Ya gyara murya, ya yi irin maganar da ake yi wa baƙo. Ya ce, "Bawan Allah, ka yi haƙuri, na dame ka kana cin abinci. Lambar ƙanena ce a da. Ba zan ƙara kira ba. A ci lafiya."

Na tura kan kifin gaba ɗaya a baki. Na ce ko akwai sauran kalma a ciki, ko numfashinsa ne kafin ya miƙa wayar. Na tauna ƙashin da ƙarfi. Babu murya. Ƙara ce kawai, gurr, gurr, tana cika mini kai, ina tauna tana ƙaruwa, gurr, gurr.

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne. Gari ya waye, yara sun yi layi da robobin wake, ina jin mai injin na ce wa wata ta ƙara ruwa.

Muƙamuƙina na ciwo. Wayar na kan ƙirjina inda na bar ta. Na danna, ba ta kawo haske ba. Na danna na riƙe, ba ta kawo ba. Da ma na ce in ruwa ya tsagaita zan kai ta wurin mai janareto, barci ya riga ruwan. Na fita da gudu zuwa wurinsa, na sa ta a caji, na tsaya a kanta har ta farfaɗo. Babu saƙo, babu komai. Layin nawa ba ya gaya wa mutum wanda ya neme shi yana kashe.

Abin da na rasa dai ga shi. Takalmi ƙafa ɗaya, a ƙasan kogi. Kifi ɗaya, ni na cinye shi. Sai dare ɗaya da wayar ta kwana a mace, wanda babu mai iya gaya mini ko an kira a cikinsa.